Abin da Na Tarar Baba Yana Yi da Lauje

Tudun Aduwa,
Ta Hanyar Dawanau,
Jihar Kano.

Zuwa ga ƙanena Ja'afar,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Ramlat da 'yar lelenmu Firdausi. Yaya Fatakwal, yaya ruwan samanku da aka ce ba ya ɗaukewa, yaya kuma kasuwar albasa? Allah Ya ƙara rufin asiri, Ya tsare ku daga sharrin baƙunta, Ya raya mana zuri'a a kan addini. Mu nan sai godiya. Gero ya yi kyau bana, an gama yanka har an ɗaure, dawa ce ta rage a tsaye, wake kuwa tsutsa ta ɗan taɓa shi amma ba a fita hannu rabbana ba. Inna tana nan da gwiwarta, yau da sauƙi gobe babu. Ɗana Al-Amin ya yi tsawo har ya fara kallon ubansa ido da ido, sai dai hankalin ne bai biyo tsawon ba tukuna.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga hannuna a wannan zamani da kowa ke da waya a aljihu. Kai ka jawo. Duk lokacin da na kira ka muna hira lafiya lau, da zarar na ambaci Baba sai layin Fatakwal ya lalace, ka fara cewa ba ka ji na. Ni na goya ka, Ja'afar, na san lalacewar layi, na kuma san lalacewar zuciya. Shi ya sa na zauna na rubuta, na ba Abdulrashid direban da ke ɗaukar wake daga Dawanau, na ce kada ya ba kowa sai kai, kuma kada ya bar rumfarka sai ya ga ka buɗe. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba, domin abin da idona ya gani ba na ji a tsaye ba ne.

Ban manta abin da ya faru ranar Babbar Sallah ba, ina tsaye a wurin. Ka miƙa wa Baba hannu ya ƙi karɓa, ya ɓoye nasa a cikin riga. Aka kawo tuwo ya ce a zuba masa nasa daban, alhali tun kana yaro kwano ɗaya kuke ci. Sannan Firdausi ta rugo da gudu ta faɗa jikinsa tana kiransa angonta, ya ƙwalla ƙara ya hankaɗe ta har leɓenta ya fashe a jikin turmi, ya kuma daka wa Ramlat tsawa ya ce ta je ta wanke wa yarinyar hannu da sabulu maza-maza. Ka kwashi iyalinka ko naman layya ba ku tsaya ci ba. Na san abin da ka ɗauka. Ka ɗauka tsohuwar maganar ce ta dawo, ta lokacin da ya yi ta jan ƙafa a kan aurenka don Ramlat ba 'yar garin nan ba ce. Wallahi ba ita ba ce, kuma ko kusa ba ita ba ce.

Ba ku kaɗai ya yi wa haka ba. Bayan tafiyarku abin ya ƙara gaba. Ya ware butarsa da kofinsa, ya hana Inna taɓa wankinsa, ya koma kwana a ɗakin zaure yana kullewa. Ya daina zuwa jam'i, mutumin da ladan kan tarar da shi a ƙofar masallaci. Inna ta yi kuka har ta gaji, ta ce farraƙu aka yi musu bayan tsufa, ta yi ta karɓo rubutu da turaren hayaƙi. Shi kuwa ko an tambaye shi sai ya ce lafiya ƙalau, ka dai san Baba da dauriya, mutumin da kunama ta harbe shi yana noma bai ajiye fartanya ba. Da kaka ta yi sai ya fara tara kara da itace a can ƙarshen gona, gindin tsohuwar ɗorawar nan, wai bukka zai yi ta gadin amfani. Muka ce gadin me, gonar da ake hango ta daga ƙofar gida? Ya ci gaba da tara karansa.

Ran nan da hantsi na je gida na tarar gwiwar Inna ta hana ta tashi, sai na ce bari ni in kai masa fura. Tun ban ƙarasa gindin ɗorawar ba na fara jin ƙauri irin na babbakar kan rago. Na ce a raina yau kuma Baba gafiya ya kama? Na zagaya bayan tarin karan, sai ga shi zaune ba riga, ya hura 'yar wuta a gabansa, ya tura bakin laujensa a cikin garwashi. Ja'afar, ban taɓa ganin abu irin haƙarƙarin Baba na dama ba. Tun daga gadon baya har ƙasan nono fatar ta zama wani abu daban, wani wuri baƙi, wani wuri ja, wani wuri yana tsiyayar ruwa, sabon ƙuna a kan tsohon ƙuna. Bai gan ni ba. Ina kallo ya zaro laujen nan ya yi jawur, ya ɗaga hannu, ya ɗora shi a kan naman jikinsa. Na ji ƙarar cuwww, na ga hayaƙi ya tashi. Fuskarsa ko motsi ba ta yi ba. Da ya ɗauke ƙarfen sai ya lumshe ido, ya sauke ajiyar zuciya ya ce Alhamdulillahi, kai ka ce ruwan randa ya sha.

Ban san lokacin da ƙwaryar ta suɓuce daga hannuna ba. Na fasa salati da ƙarfi. Da ya juyo ya gan ni, maimakon ya rufe jikinsa, sai ya miƙo hannu yana korata, yana cewa in tsaya a inda nake, kada in matso, in tuna ina da yara. Ka san halina, ba a ce mini tsaya in tsaya. Na tafi kansa na fizge laujen na yi jifa da shi cikin dawa, na kama wuyan hannunsa na riƙe gam. Ya yi ta ƙoƙarin ƙwacewa yana cewa kin kashe kanki, kin kashe kanki. Da ya ga ba zan saki ba sai ƙarfinsa ya ƙare, ya fashe da kuka. Na kai waɗannan shekarun a duniya ban taɓa ganin hawayen Baba ba, ko ranar da aka binne mahaifiyarsa.

A nan gindin ɗorawar ya gaya mini komai. Ka tuna ƙurajen nan masu ruwa da suka feso masa a ƙarshen kakar bara, waɗanda suka yi layi a gefe guda, Inna ta yi ta shafa masa magani har suka bushe? Mu mun ɗauka an wuce wurin. Ashe da suka warke sun bar masa farin tabo, kuma a cikin tabon wani ƙaiƙayi ya tashi wanda ya ce bai taɓa sanin akwai irinsa ba. Ya ce ba a saman fata yake ba, can ciki yake inda farce ba ya kaiwa, ya sosa da totuwar masara, ya sosa da sakaina, ya goga a jikin bango, duk a banza. Gefen tabon kuma, ko riga ce ta shafe shi sai ya ji kamar an watsa masa tafasasshen mai. Wata rana ya tsinko ƙayar aduwa ya soka a tsakiyar farin wurin har jini ya fito, bai ji komai ba. Ya ce tun daga ranar ya san ƙaddararsa ta zo.

Kai ba ka san labarin Baffa Umara ba, ƙanin kakanmu, ni ma a bakin Inna na taɓa jin gutsurensa. Kuturta ce ta kama shi lokacin Baba yana ƙarami. Da ƙaya tsofaffin lokacin suka gane, suka soka a farin tabon da ke bayansa bai ji ba. Aka yi masa bukka a ƙarshen gona, ana kai masa abinci a juye masa a ƙwaryarsa daga nesa, har ya rasu babu wanda ya sake riƙe hannunsa. Ka san a ina bukkar take? Gindin ɗorawar nan. Ja'afar, Baba ba bukkar gadi yake yi ba, ɗakin da zai ƙare rayuwarsa a ciki yake ginawa da hannunsa, muna wucewa muna yi masa sannu da aiki. Ya ƙi zuwa wurin wanzami don kada magana ta fita, a ce gidan Malam Dallatu gidan kutare ne, a guji jikokinsa a makaranta da rijiya. Wutar kuwa ya ce da farko don ya ƙone cutar ya fara, sai ya tarar ita kaɗai ce ke sa ƙaiƙayin ya lafa na ɗan lokaci ya samu ya numfasa.

Na ce masa ko me ne ne sai likita ya gani, ya ce a'a, na ce to zan tsaya a ƙofar masallaci in faɗa wa duk garin da bakina. Ya san zan aikata. Washegari maigidana ya samo mota muka nufi babban asibiti a birni. Baba ya ƙi zama a gaba, ya naɗe a bayan motar shi kaɗai ya rufe hannuwansa da rawani. Da layi ya zo kanmu, likitan, wani mai sanyin murya da furfura ta fara fito masa a gemu, ya miƙa masa hannu. Baba ya noƙe, ya ce shi mai cuta ne. Likitan ya kamo hannun da hannuwansa biyu, ba safar roba ba komai, ya riƙe yana tambayarsa yaya gona. Da aka ɗaga rigar kuwa, shi kansa sai da ya yi salati, ma'aikaciyar jinyar da ke gefensa ta kau da kai.

Abin da ya biyo baya ya ƙara ɗaure mini kai. Likitan ya ce Baba ya rufe ido, ya ɗauki allura ya taɓa tsakiyar tabon, ya tambaye shi ko ya ji, ya ce bai ji ba. Sai ya ɗauki ɗan guntun auduga, audugar da ake goge wa jariri ido da ita, ya shafa a gefen tabon a hankali. Baba ya zabura ya yi irin ƙarar nan da ya yi ranar Sallah, sak, har kujerar ta kife. Mutumin da na gani jiya-jiya ya ɗora jan ƙarfe a jikinsa bai ƙifta ido ba, yau auduga ta tashe shi tsaye. A take na ga Firdausi a idona tana faɗawa daidai wannan gefen da dukkan nauyinta.

Likitan ya lalluba wa Baba gwiwoyin hannunsa da ƙafafunsa, ya duba yatsu da kunnuwa da girarsa, aka ɗan kankari fata aka kai ɗakin gwaji. Amma tun kafin sakamako ya fito ya ce shi bai ga kuturta a nan ba, sakamakon kuma da ya zo bai saɓa masa ba. Ya ƙara da cewa ko da ita ce, yanzu tana da magani, ana sha a warke a cikin iyali ba tare da an yi wa kowa bukka ba. Sai ya tambayi Baba ko ya yi ƙarambau yana yaro. Baba ya ce wa ya tsallake ƙarambau a zamaninsu? Likitan ya ce to ita ce ta dawo. Wai ƙwayar cutar ba ta barin jiki, sai ta laɓe a gindin jijiya kusa da lakar gadon baya, ta yi shekaru tana barci, idan tsufa ya zo ƙarfin jiki ya ragu sai ta farka ta bi jijiya guda har ta fito fata. Shi ya sa ƙurajen suka yi layi a gefe ɗaya ba su tsallaka ɗayan ba.

Bari in gaya maka sauran yadda na fahimta, domin na sa shi ya maimaita har sai da ya shiga kaina. Ya ce ba jijiyar jini yake nufi ba, jijiyar da ke ɗaukar saƙon ji daga fata ta kai laka, laka ta kai ƙwaƙwalwa. Cutar ta cinye da yawa daga cikin waɗannan a wurin tabon, shi ya sa ƙaya da wuta ba su da mai kai labarinsu. 'Yan kaɗan da suka rage kuma sun ji rauni sun ruɗe, suna ta aika saƙon ƙaiƙayi alhali babu abin da ya taɓa fatar. Laka kuma da ta daɗe tana karɓar wannan ihun sai ta zama mai firgita, ko auduga aka ce ta taɓa gefen sai ta kai rahoto cewa wuta ce. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne batun garkuwar jiki, wato sojojin da Allah Ya zuba a jikin mutum don yaƙar cuta. Ya ce duk lokacin da Baba ya sosa ko ya ƙona wurin, sojojin nan sai su taru su zubar da wasu sinadarai don gyara, sinadaran nan kuma su suke ƙara tsokanar jijiyar. Ita jijiyar idan ta harzuƙa sai ta saki nata sinadarin da ke kiran ƙarin sojoji. Na ce masa ashe kamar karnukan unguwarmu ne, ɗaya ya yi haushi sauran su ɗauka, shi kuma ya ji nasu ya ƙara, ɓarawon kuwa ya daɗe da tsallake katanga. Ya yi dariya ya ce in zo in karɓi kujerarsa. Game da wutar, ya ce Baba bai yi ƙarya ba, zafi yakan danne ƙaiƙayi na ɗan lokaci, amma kowane ƙuna sabuwar gayya ce ga sojojin nan, sai abin ya dawo ya fi na da. Ya ce da an ƙara jinkiri ruɓar ta shiga jini, da wani labarin ake yi yanzu.

Duk wannan bayanin bai dami Baba ba. Abu ɗaya ya yi ta tambaya, wai shin ana ɗauka? Likitan ya ce tun da ƙurajen suka bushe babu abin da wani zai ɗauka a jikinsa, ya ci da kowa, ya rungumi wanda ya ga dama. Baba ya sake tambaya, aka sake ba shi amsa. Sai ya sunkuyar da kai ya ce a hankali, ba da kowa yake ba, ashe a banza ya fasa wa yarinyar nan baki. Da muka tashi komawa gida kuwa, a gaban mota ya zauna.

Ba zan yi maka ƙarya in ce ya warke ba. An wanke ciwon, ana canja masa bandeji a ƙaramin asibitinmu, ƙunan yana haɗewa. An ba shi ƙwayoyin da ke kwantar da jijiya da wani man shafawa mai kashe kaifin wurin, sai dai ƙwayoyin suna sa shi jiri da safe, yana ta mita wai sun mayar da shi ɗan maye. Likitan ya ce abin yakan ɗauki lokaci, wani ya rabu da shi, wani ya ragu kawai ya koyi zama da shi. Ƙaiƙayin yana nan, ina ganin yadda yake damƙe gefen tabarma idan ya motsa masa. Inna ta yanke masa farce ƙarƙaf, ta ɓoye duk wani lauje da ke gidan, ta sa an ɗinka masa 'yar shara da tsohon zanenta da ya sha wanki ya yi laushi. Karan bukkar nan kuwa ta sa an kwaso mata shi tas, da shi take dafa tuwo, tana turawa a murhu tana yi masa faɗa. Ya koma jam'i, amma kullum a ƙarshen sahu ta hannun dama yake tsayawa don kada kafaɗar wani ta goge shi. Ranar da ya fara sa hannu a kwano ɗaya da maigidana, sai da ya ɗan tsai da hannun a sama kafin ya sauke shi.

Yanzu saura kai. Ka san Baba ba zai ɗauki waya ya ba ɗan cikinsa haƙuri ba, ko sama za ta faɗo. Ni ma ban ce ka manta jinin da ka gani a bakin 'yarka ba, uba ne kai, dole ya yi maka ciwo. Amma ka zauna ka yi tunani. Mutumin nan yana cikin azabar da ta tashe shi tsaye, abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne a wanke wa Firdausi hannu. Yana kallo ka juya masa baya da fushi, ya zaɓi ka tsane shi a kan ka san abin da yake zaton yana ɗauke da shi. Watanni ke nan yana haɗiye wannan shi kaɗai, ga ciwo ga rashinka. Ka karanta wa Ramlat takardar nan tun daga farko har ƙarshe, kada ka tsallake ko layi ɗaya, domin ita ma tana da haƙƙin ta sani.

Inna tana gaishe ku da kyau, ta ce kuka da daddawar da ke cikin ƙullin da na haɗo da takardar nan na Ramlat ne, kada ka kai su rumfa ka raba wa abokai. Maigidana yana gaishe ka, haka yarana Al-Amin da Nana Maryam da Halimatu Sadiya. Ka gaida Ramlat, ka gaida Alhaji Ridwan maigidanka na kasuwa da duk 'yan garinmu da ke Fatakwal, ka shafa mini kan Firdausi.

Ina cikin rubutun nan a tsakar gida Baba ya zo wucewa, ya tsaya ya tambaye ni wa nake rubuta wa, kamar bai sani ba. Na ce kai ne, ko yana da saƙo? Ya ce shi ba shi da wani saƙo gare ka. Ya yi gaba har ya kai bakin zaure, sai ya dawo. Ya ce in dai rubuta wa amaryarsa cewa akuyar da ya ba ta ranar suna ta haifi tagwaye, shi kuma ba makiyayinta ba ne, ta zo ta ga dukiyarta. Sannan ya ce in gaya mata idan ta zo ta rugo da gudunta kamar yadda ta saba, amma ta biyo ta hagu.

Wassalam. Ni ce yayarka da ke zuba ido a hanya,

Sakina Dallatu.